Browning Hi-Power da Glock 17: wacce ta fi dacewa da ƙugun jami'i a Kano?

Duk inda tsofaffin sojoji suka zauna hira a Kano, ko a gindin bishiya wajen Barikin Bukavu ko a wurin ɗaurin aure, in aka taɓo zancen ƙaramar bindiga sai wani ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Browning Hi-Power yake nufi, fistol ɗin nan ta ƙarfe zalla da John Browning ya fara zanawa, ya rasu a 1926 bai gama ba, Dieudonné Saive ya ƙarasa ta a kamfanin FN na Beljiyam, ta fito a 1935. Sojojin ƙasashe da dama sun riƙe ta, har masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna ta taɓa haɗa irinta. Dokar makamai ta Najeriya ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai ga farar hula, don haka wannan sharhi ya shafi jami'in da aikinsa ne ya rataya ta a ƙugu, da mai sayo wa rundunarsa.

A fara da abin da ba a ƙwace wa tsohuwar. Tana cin harsashin milimita 9, wanda har yau shi Glock 17 da SIG M17 ta sojojin Amurka suke ci, kenan abin da ke fita daga bakinta bai tsufa ba. Gidan harsashinta na ɗaukar 13, a zamanin da Colt M1911 ta Amurka ke ɗaukar 7, Tokarev ta Rasha 8. Mariƙinta na zama daram a hannu, har mai ƙaramin tafi yana kai yatsa ga kunama ba tare da ya karkace ba. Nauyin ƙarfen kuma yana shanye bugun harbi, saiti na biyu ya dawo da wuri. Mai ido da natsuwa zai zuba harsasai wuri guda daga mita 25 da ita kamar yadda zai yi da kowace sabuwa.

Matsalar tana farawa ne daga yadda ake ɗaukarta. Hi-Power ba ta tashi sai gudumar bayanta tana ɗane. Hanya biyu ce ke gaban jami'i: ko ya sa harsashi a ciki, guduma a ɗane, ya ɗaga makullin kariya, ko ya bar cikin wayam sai ta ɓaci ya ja marfin sama ya ɗana. Ta farko tana son horo mai yawa, domin makullin tsofaffin samfura ɗan mitsitsi ne, a gefen hagu kaɗai, babban yatsa mai gumi yana zame masa. Sai a samfurin Mark II na farkon shekarun 1980 aka faɗaɗa shi aka sa a gefe biyu. Ta biyu kuwa tana cin hannu biyu. Ka ɗauki jami'i a shingen bincike kan titin Zariya da daddare, tocila a hannun hagu, yana leƙa cikin adaidaita sahu. In abu ya taso, da wane hannun zai ɗana?

Glock 17, wadda sojojin Ostiriya suka karɓa a farkon shekarun 1980, ta kashe wannan tambaya. Ba guduma a waje, ba makullin da za a tuna. Kariyarta uku duk a ciki suke, suna sakin kansu ne kawai in an ja kunama, kuma nauyin jan kusan kilo 2.5 ne daga harbin farko har na ƙarshe. Tana ɗaukar 17. Jikinta na ƙasa roba ce mai tauri, shi ya sa ko cike take da harsasai nauyinta bai wuce kusan giram 900 ba, wato kusan nauyin Hi-Power babu komai a cikinta. Wanda bai taɓa wuni a tsaye da bel mai bindiga da ankwa da rediyo a zafin Afrilu ba zai raina wannan bambanci. A gaban samfuranta na baya-bayan nan akwai layin maƙala tocila, abin da tsohuwar ba ta da shi sam. Sojojin Birtaniya sun riƙe Hi-Power shekaru da yawa, amma a 2013 suka koma Glock 17.

Akwai wani aibin Hi-Power da ba a cika faɗa ba. An yi ta yadda in aka zare gidan harsashi kunama ba ta aiki. A takarda kariya ce. A aikace ƙarfen da ke yin wannan aiki yana gogar jikin gidan harsashin, sai jan kunama ya yi gurji-gurji kamar an zuba yashi, gidan kuma ba ya faɗowa da kansa in an danna maɓalli, sai an zaro shi da hannu. Mafi muni, bayan an sauke bindiga za a miƙa ta ma'ajiya, dole a mayar da gidan harsashi kafin a saki guduma. Mai gaggawa ya mayar da cikakke a madadin wanda babu komai, ya ja marfi bisa sabo, to an shirya wa tsautsayi wuri. Gudumar ma tana mintsinin fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ga mai kaurin hannu.

Kada a ɗauka Glock ba ta da nata. Kafin a kwance ta don wankewa sai an ja kunama, kuma a nan ne harbin kuskure ya fi faruwa. Tsarin ba ya canzawa: a zare gidan harsashi tukun, a ja marfi baya a kulle, a duba ciki da ido a taɓa da yatsa, sannan a nufi wuri mai aminci a ja. Wanda ya juya matakin farko da na biyu ya sake cusa wani harsashin ciki bai sani ba. Ba ta kuma yafe wa kube marar kyau. Kuben yadi ko na fata da ya yi laushi yana lanƙwashewa ya shiga zoben kunama lokacin mayarwa, haka bakin riga ko igiyar usur. Tana son kube mai tauri da aka yi don ita, mai rufe kunama ruf. Abin saitinta na asali roba ne, yana karcewa in ana yawan gogarsa da ƙofar mota. Sabunta kuma ba ta hana aibi: SIG P320, wadda sojojin Amurka suka zaɓa a 2017 da sunan M17, an gano wasu suna tashi in sun faɗi ta wata fuska, har kamfanin ya buɗe shirin gyara kunamarta a shekarar.

Sai ƙura, wadda ita ce alƙalin gaskiya a garin nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga ko'ina, laushinsa kamar garin alkama. In ya haɗu da mai ya zama kwaɓi, marfi ya riƙa tafiya a hankali, kwanso ya maƙale a ƙofar fita. Kuskuren da aka fi yi shi ne shafe bindiga da mai har tana ƙyalli. Ɗigo kaɗan ya isa: kan layukan da marfi ke zamewa, da bayan bututu, sai a goge saura da tsumma. Ramin allurar da ke dukan harsashi a bar shi a bushe, musamman a Glock, domin mai da ƙura a nan suna rage ƙarfin duka har harsashi ya ƙi tashi. Cikin gidan harsashi ma a bushe. Sojojin Amurka sun ɗanɗana wannan a Iraƙi da Beretta M9, wadda ta gaji M1911 a 1985: wasu gidajen harsashin an yi musu shafe mai kaushi a ciki, yashi ya riƙa kamawa, aka yi ta zagin bindiga alhali laifin na gidan ne. Da damina kuma gumi da laima ke cin Hi-Power, tsatsa ta fara daga ƙarƙashin marfin mariƙi inda ido ba ya kaiwa. Glock ta fi jurewa nan nesa ba kusa ba.

Yawancin abin da ake kira gazawar tsohuwar bindiga tsufan ƙarfe ne kawai. Hi-Power da ta shekara 40 a ma'ajiya, sifirin ɗin mayar da marfinta ya saki, ƙugiyar fizgo kwanso ta cinye, leɓen gidan harsashi ya buɗe, ba za a auna ta da Glock da aka ciro daga kwali ba. In an taɓa ɗura mata harsasai masu zafi irin na ƙananan mashinga, wuraren da bututu ke kullewa da marfi suna daddaƙewa. Gwajin mai sauƙi ne ga mai kula da ma'ajiya: ya rubuta lamba a gindin kowane gidan harsashi, in sarƙewa na bin lamba ɗaya a jefar da shi, in tana bin bindigar a duba sifirin da ƙugiya. Sifirin na mayar da marfi a canza shi bayan harbi dubu uku zuwa biyar, a kowace daga cikinsu. Damuwar ita ce FN ta daina ƙera tsohon samfurin wajen 2018, wanda ta fitar a 2022 kuma sunan kawai ya gada, kayansa ba sa shiga na da.

Hukuncinmu: rundunar da za ta sayo sababbi don raba wa ɗaruruwan jami'ai, waɗanda ba kullum suke samun filin harbi ba, ta ɗauki Glock 17 ko makamanciyarta, tare da kube mai tauri da gidan harsashi uku ga kowane mutum. Wadda ke da Hi-Power masu lafiya a ma'ajiya kada ta yi saurin zubarwa. Ta sayo sababbin sifirin da gidajen harsashi, ta ba waɗanda suka ƙware da makullin. Tokarev ce kaɗai za mu ce a daina amfani da ita: ainihin samfurinta ba shi da makullin kariya, harsashinta na milimita 7.62 kuma yana ratsa abu ya wuce, abin da ba wanda yake so a cunkoson Kantin Kwari ko Sabon Gari.