Akwatunan faiba na A da B: kayan sun yi, kawunan waya ne matsala

Tsakanin ofis da sito a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi mita 380 ne, wayar tagulla ta Cat6 da ake haɗa kwamfutoci da ita kuwa ba ta iya kai sigina fiye da mita 100. Shi ya sa aka kafa akwatuna biyu masu juya sigina zuwa haske, na gigabit, waɗanda ke aiki da silin faiba, wato zaren gilashi, ɗaya tak. Sun ci damina guda da bazara guda, kuma a ganina sun biya kuɗinsu. Babbar ribar ita ce gilashi ba ya ɗaukar lantarki, don haka tsawar watan Agusta ba ta samun hanyar bi daga wannan gini ta ƙone swic, na'urar da ke raba layi ga kwamfutoci, a wancan.

Dole a sayi akwatunan miji da mata, wato A da B. Ɗaya na aikawa da hasken 1310 nm (awon tsawon zangon haske) yana karɓa da 1550, ɗayan akasin haka. In mai shago ya haɗa ka da A biyu, fitilar FX, mai nuna layin faiba ya haɗu, ba za ta taɓa kamawa ba. A duba takardar ƙarƙashinsu tun a kanti.

Inda aka sha wuya shi ne kawunan waya samfurin SC na ɗaurin hannu, waɗanda ake soka wa akwatin. Ramin akwatin shuɗin kai yake so. Koren kai bakinsa a karkace yake da digiri 8, zai shiga daram amma haske ya riƙa zuba. Kafin a ɗaura kai sai an feɗe rigar silin har ya koma mikron 125, a goge da alkol, sannan a yanke da na'urar yanka, ba da reza ba. Ko an bi duk wannan, ƙurar hunturu kaɗan a bakin gilashin ta isa ta sa layi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Da aka kira mai injin walda ya narka haɗin, asarar hasken ta sauko ƙasa da 0.1 dB (ma'aunin asarar sigina), magana ta ƙare.

Cajar volt 5 da ke zuwa cikin kwalin ba ta da ƙwari, zafin Afrilu da yawan ɗaukewar wuta suna gama da ita. A ajiye ta biyu.

Wayar a zura ta cikin tiyo saboda ɓera, kada kuma a lanƙwasa ta sosai a kusurwar bango. In layi ya mutu, a haska jan tocilan gwaji ta kai ɗaya, inda ja ya ɓullo nan ta karye. Kada dai a leƙa bakin silin da ido akwati na kunne, haskensa ba ya ganuwa amma yana illa.