Sharhi kan wata manhajar koyon sunayen sinadaran ƙarafa

A zangon karatun da ya wuce na yi amfani da wata manhajar waya ta koyon kimiyyar sinadarai tare da ɗalibaina na babbar sakandare, kuma sashen da na fi mayar da hankali a kansa shi ne na raɗa suna ga haɗe-haɗen ayon (wato ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki) masu ɗauke da ƙarafan tsakiyar jadawalin sinadarai, irin su baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, domin a nan ne yara suka fi yin tuntuɓe.

Tushen wahalar shi ne waɗannan ƙarafa ba su tsaya kan caji ɗaya ba. Baƙin ƙarfe yakan zo da +2 ko +3, jan ƙarfe kuma da +1 ko +2, saboda haka ake sanya lambar Romawa bayan sunan ƙarfen don nuna cajinsa, bisa tsarin da masanin nan Bajamushe Alfred Stock ya gabatar a 1919. Abin da ya burge ni shi ne manhajar ba ta miƙa wa ɗalibi amsa a tafin hannu, sai ya yi lissafin da kansa. Idan ta kawo Fe₂O₃, wato haɗin baƙin ƙarfe (Fe) da oksijin (O), takan sa shi ya fara da oksijin, wanda kowanne cajinsa -2 ne, ukun suka zama -6, sannan ya raba +6 da za ta daidaita shi tsakanin ƙarafan biyu, kowanne ya sami +3, sunan ya fito iron(III) oxide. Wata ɗaliba ta ga 2 a gefen Fe, nan take ta rubuta iron(II), kamar yadda da yawansu suka saba; manhajar ta ja jan layi, ta biyo ta da CuO da Cu₂O, haɗe-haɗen jan ƙarfe (Cu), a jere. Ganin cewa na farko shi ne copper(II) alhali babu wata lamba a jikinsa, na biyun kuma copper(I) duk da 2 ɗin da ke gefen Cu, ya raba ta da wannan ɗabi'a fiye da dogon bayanin allo.

Manhajar ta kuma bayyana cewa azurfa da tutiya galibi ba a sa musu lamba, tunda cajinsu bai cika sauyawa ba. Sai dai ta yi wa zaiba riƙon sakainar kashi: ta ambaci Hg₂Cl₂ a matsayin mercury(I) chloride ba tare da nuna cewa ƙwayoyin zarra biyu ne suka haɗu suka ɗauki +2 ba.

Babbar kasawarta ga ɗalibin Najeriya ita ce salon sunayen. Tana kiran FeSO₄ iron(II) sulfate, alhali littattafanmu da tambayoyin WAEC sun saba da iron(II) tetraoxosulphate(VI), inda lambar ta biyu take nuni ga farar wuta, ba ga ƙarfen ba. Yaron da ya dogara da manhajar kaɗai zai rikice ranar da ya ci karo da lambobin Romawa biyu a suna ɗaya. Tsofaffin sunaye irin su ferrous da ferric, wato iron(II) da iron(III), su ma layi ɗaya kacal ta ba su, ko da yake har gobe ferrous sulphate ake rubutawa a kwalin maganin ƙarin jini da ake bai wa masu juna biyu.

Ina ba malamai shawarar su yi amfani da ita wajen horar da ɗalibai lissafin caji, amma su rubuta musu sunayen da tsarin karatunmu ya tanada a gefe, kafin lokacin jarrabawa ya ƙarato.