Gashin zomon Angora da ulun tunkiya a sanyin Tahoua

Duk wanda ya taɓa laluben rigunan sanyi wurin ƴan gwanjo a kasuwar Tahoua cikin watan Disamba, ya san akwai rigar da hannu ke tsayawa a kanta saboda laushi. Wani lokaci laushin na gashin zomon Angora ne, zomon da ya samo sunansa daga birnin Ankara na Turkiyya, kodayake yanzu ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawan gashinsa.

Kaurin silin gashin yakan kama daga maikuron 12 zuwa 16, kuma maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Cikin silin akwai rami mai riƙe iska, shi ya sa ba shi da nauyi, amma ya fi ulu ɗumi idan aka auna su daidai. Aibinsa santsi ne: silin ba ya kama ɗan'uwansa, rigar tana zubar da gashi, har mutum ya tarar da fararen gasusuwa manne a baƙar shaddarsa. Idan aka wanke ta da ruwan zafi aka cuɗa, sai ta cukurkuɗe ta tsuke.

Ulun tunkiya kuwa a lanƙwashe yake, saboda haka zarensa yana miƙewa ya koma yadda yake, kuma wannan ne dalilin da masaƙu ke gauraya shi da gashin zomon. A ganina, mai fita da asuba bisa babur cikin ƙurar hunturu, wanda dole rigarsa ta sha wanki, gara ya ɗauki ta ulu.