Gidan abincin Baturiya mai bin addinin Hindu a Garwa

Wata uku ke nan ina jin labarin wani ƙaramin gidan abinci a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, wanda wata Baturiya 'yar Faransa take gudanarwa, kuma sau huɗu na je da kaina kafin na zauna rubuta wannan sharhi. Matar tana bin tafarkin Hare Krishna, wato ƙungiyar ISKCON da Swami Prabhupada ya kafa a birnin New York a shekarar 1966, kuma da wuya ka same ta ba tare da carbinta mai ƙwaya 108 ba, wanda take zagayawa sau 16 kowace rana.

Babu nama a girkinta, babu kifi, babu ƙwai, har albasa da tafarnuwa ba sa shiga tukunyarta, abin da ya sa na yi zaton abincin zai yi salam. Zatona bai tabbata ba. Babban abincinta shi ne kichari, shinkafa da wake da ake dafawa tare har su yi laushi, a zuba citta da gangamau, sannan a kwarara man shanu mai zafi a kai, ƙamshinsa yana tarar mutum tun daga bakin ƙofa. Kindirmonta daga hannun Fulani yake zuwa kowace safiya, kwanukanta kuwa a wanke suke tas, kuma da jaka ɗaya mutum zai ƙoshi. Mai neman shayi ko kofi kada ya wahalar da kansa, domin ƙa'idarsu ta haɗa su da kayan maye. A zuwana na biyu ban sami shinkafa ba, saboda ranar Ekadashi ce, wadda take zuwa sau biyu a wata kuma ba sa cin hatsi ko wake a cikinta, sai dankali da gyaɗa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne rabon da take yi bayan la'asar. Na ga wani yaro ya miƙa robarsa da ta tsage, ta karɓa, ta juye masa a sabuwa, ta ce ya tafi da ita. Wannan aiki yana da tushe a wurinsu, domin tun 1974 suke da shirin ciyarwa mai suna Food for Life, bisa umarnin malaminsu cewa kada kowa ya zauna da yunwa a tazarar mil 10 daga wurin ibadarsu.

Sai dai akwai magana mai nauyi. A aƙidarsu ana fara gabatar da abinci ga abin bautarsu Krishna kafin kowa ya ci, suna kiransa prasadam. Da na tambaye ta, ba ta ɓoye ba, ta ce: "Malam, abin da nake rabawa da yamma haka nake yi masa, amma tukunyar sayarwa daban take." Na yaba gaskiyarta, amma na gaya mata cewa almajiran da suke layi ba su san wannan ba, iyayensu da malamansu ma ba su sani ba, kuma Musulmi yana da haƙƙin sanin abin da yake sa wa cikinsa. Na roƙe ta ta rubuta bayanin a ƙofa da Hausa da Fulatanci da Faransanci, ta kuma ware wa yaran tasu tukunyar. Ta ce za ta yi shawara, kuma har zuwana na ƙarshe ban ga rubutun ba.