Koyarwa ko Tuƙi a Daji?

Matuƙin jirgin saman da ya karɓi lasisi da awa 200 kacal, kamfanonin jirage sai su ce masa da saura. A Amurka ma, tun 2013 yawanci sai ya tara awa 1,500.

To ta ina zai tara awannin, koyar da ɗalibai tuƙin jirgi ko tuƙi a daji? Koyarwa ta fi kusa da hannu: awanni na taruwa kullum, ka kwana a gida. Sai dai ɗalibi ke tuƙi, kai kana gefe kana gyara, kuna ta zagaye fili ɗaya.

Ni daji ya fi kwanta mini. A Maun ta Botswana, kai kaɗai za ka ɗauki masu yawon buɗe ido a ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 206 zuwa fadamar Okabango, ka duba ko dabbobi sun tare filin saukar da ba kwalta kafin ka sauka. Amma fa samun gurbi sai da haƙuri da guzurin watanni.