Yaya, Riga Zan Aiko, Ban da Tambarin Soja

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ina kasuwa? Yaya Inna da ƙarfin jiki, yaya yara? An ce mini hunturun bana ya sauko Damagaram da ƙarfinsa, har masu shayin Zango na hura wuta tun kafin kiran assalatu.

Saƙonka na murya ya iso. Ka ce samari sun dame ka a shago da neman rigunan sojan Amurka masu tambari a kafaɗa, in cika maka ganga guda, in kuma haɗo tambarin daban a leda don tela ya riƙa liƙa wa rigunan gwanjo. Na je na gano kayan da idona. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na rubuta, na kuma sa ta a fili, don na san ba kai kaɗai ne ɗan Kasuwar Dole mai wannan lissafi ba.

Daga nan Greensboro zuwa Fayetteville tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota. Can ne barikin Fort Bragg yake, ɗaya daga cikin mafiya girma a Amurka, kuma titin da ya nufi barikin cike yake da shagunan da ba sa sayar da komai sai rarar kayan soja. Ba a ɓoye ake yi ba. Ka shiga kamar yadda za ka shiga shagon atamfa, ba mai tambayarka takarda. Takalma, barguna na ulu, gorar ruwa, akwatunan ƙarfe na harsashi da aka zazzage, waɗanda ko gara ko ɓera ba su da ta yi da su. Kayan nan na da ƙwari, wannan kam ba gardama. Akwai wata rigar sanyi da suke kira M-65, tun 1965 ake ɗinka ta: aljihu huɗu manya, hula a naɗe cikin wuya, da shafi na ciki da ake ɓallewa in rana ta yi. Ɗan kabu-kabun da ya samu irinta zai yi shekara goma bai nemi wata ba. Sai dai kuɗi. Wadda na ɗaga, kwance ce ma, dalar Amurka 50 aka sa mata, wajen jikka 30 ke nan kafin kuɗin jirgi da na duwan, ga hanyar Kwatano da ta cushe tun 2023. Wane saurayi ne a Sabon Gari zai biya wannan, gwanjo na jibge a gabansa?

Tambarin ne mai araha. Suna nan cikin durowa a gefen mai karɓar kuɗi, ɗaruruwa, kowanne bai wuce tafin hannu ba, dala 5 ko ƙasa da haka. Yawancin na yanzu ba ma sai an kai wa tela ba, mannawa ake yi a ɓantare. In riba ake nema, a nan take, na gane lissafinka. Amma ba zan aiko ba, kuma bari ka ji abin da ya faru da ni.

Sanyina na farko a ƙasar nan, na sayi wata koriyar riga a shagon gwanjo. A kafaɗar dama akwai tambari ja mai kusurwa huɗu, da shuɗin da'ira a tsakiya, da farin harafin A guda biyu. Ado na ɗauke shi, irin rubuce-rubucen da muka saba gani a gwanjo ba mu san ma'anarsu ba. Wata safiya ina layin biyan kuɗin gahawa a gidan mai, sai wani dattijo baƙar fata mai dogara sanda ya dafa ni. Ya yi mini godiya a kan hidimar da na yi wa ƙasa, ya ce da mai shago a haɗa kuɗina da nasa. Sannan ya tambaye ni wace shekara na je, Iraƙi ko Afganistan. Na ce masa ni baƙo ne, ɗan Nijar, rigar saye na yi. Bai yi faɗa ba. Ya janye hannunsa a hankali, ya yi mini bayani: wannan tambarin runduna ta 82 ce, masu dira da lema, kuma wanda ke kafaɗar hagu yana nuna rundunar da soja yake ciki yanzu, na dama kuwa shaida ce cewa ya shiga fagen daga da ita. Ya ce ɗan ƙanwarsa da wannan tambarin ya tafi, a akwati aka dawo da shi. Duk da haka ya biya gahawar. Wallahi Yaya, ban iya shanye ta ba. Daren nan na zauna da reza na warware ɗinkin zare-zare. Har yau rigar tana nan, gurbin tambarin ya fi sauran jikinta duhu don rana ba ta taɓa cin wurin ba.

Bayan nan na bi diddigin dokarsu. Akwai tsohuwar dokar tarayya da ta hana farar hula sa kakin soja ko wani sashe nasa da aka san shi da shi, hukuncinta har wata shida, amma ba kasafai ake kama mai tambari ɗaya a rigar gida ba. Inda suka yi dogon ja-in-ja shi ne kan ƙarya. Sun yi wata doka ta 2005 da suka sa wa suna dokar satar jarumta, wadda ta ce laifi ne mutum ya ce an ba shi lambar yabon soja alhali ba a ba shi ba. Wani Xavier Alvarez ya miƙe a taron hukumar ruwa a Kalifoniya ya ce yana da lambar da ta fi kowace girma, ƙarya ce tsagwaronta, aka gurfanar da shi. A 2012 Kotun Ƙoli, alƙalai shida a kan uku, ta soke dokar, ta ce 'yancin faɗin albarkacin baki ya rufe har maƙaryaci. Sai a 2013 Obama ya sa hannu a sabuwa: laifin yanzu shi ne yin ƙaryar don samun kuɗi ko dukiya ko wata moriya, ɗaurin har shekara guda. Faransa ta fi su tsanani. Sashe na 433-14 na kundin laifuffukansu ya tanadi shekara ɗaya a kaso da tarar yuro 15,000, kusan sefa miliyan 10, ga wanda ya sa kaki ko lambar hukuma a bainar jama'a ba da haƙƙi ba.

Moriyar kuwa akwai ta, don a nan tsohon soja ba a baki kawai ake girmama shi ba. Ranar 11 ga Nuwamba gidajen abinci da yawa kyauta suke ciyar da 'yan mazan jiya. Manyan shagunan kayan gini irin su Lowe's suna rage musu kashi 10 cikin 100. Suna da asibitocinsu daban. Wannan tsari ya burge ni, kuma na so a ce iyalan sojojinmu na samun irinsa. Shi ya sa mai sa tambarin da ba nasa ba yake zama kamar mai zura hannu a akushin wani.

Su kansu tsoffin sojojin bakinsu bai zo ɗaya ba. Na yi aiki da wani a ɗakin ajiyar kaya da ya ce shi ko a jikinsa, yaro ya sa tambarin rundunar ubansa ai ƙauna ce. Amma shi ma ya ja layi a kan abin da ake samu da gumi ko da jini, kamar ɗan ƙyallen da ake ba wanda ya gama horon Ranja na kimanin wata biyu cikin yunwa da rashin barci, ko lambar Purple Heart ta wanda aka raunata.

Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wane tela ne a Birni zai ɗinka wa ɗan fada rigar dogarai, ja da kore, ya fita yawo da ita? Wa zai naɗa rawani mai kunne biyu ya wuce ta ƙofar Sarkin Damagaram ba shi da gadonsa? Ka tuna yadda Inna ke tsuke baki in ta ga haƙorin Makka a bakin wadda ba ta je ba. Kuma Malam ya karantar da mu hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufa biyu ne na ƙarya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba nasu ba ne, namu ne. A Inates, Disamban 2019, sojojinmu 71 aka kashe rana ɗaya. A Cinagodar, wata guda bayan nan, 89. A Tongo Tongo, Oktoban 2017, Amurkawa huɗu suka faɗi tare da namu, kuma runduna tasu a wannan barikin na Fort Bragg take, wato tambarin da suka mutu da shi yana cikin durowar da na tsaya a gabanta. A unguwarmu kai ka san gidajen da aka yi zaman makoki ba gawa a gida. Matar da ta naɗe kakin mijinta ta sa a ƙasan adaka, me za ta ji in ta ga yaron da bai taɓa kwana a daji ba yana taƙama da igiyar saje a kafaɗa, a shagonmu ya saya?

Ga kuma hatsari. Masu kai hari a yankin Tafkin Cadi sun sha shiga gari da kakin soja, a Cibok ma a 2014 da shi suka yaudari 'yan matan. Sojan da ke gadin shinge a hanyar Gure zuwa Difa da daddare, in fitilarsa ta haska tambari a kafaɗar mai babur, ba shi da lokacin tambayar ko gwanjo ne. Masu zuwa Kano sarin kaya kuma sun san abin da ke samun wanda soja ya gani da wando mai dabbare-dabbare. Ba na so a ce ta hannunmu ɗan wani ya shiga uku.

Ga abin da na sa a ganga: barguna shida, biyu na Inna ne kada ka sayar, takalma ƙafa takwas, akwatin ƙarfe biyu don takardun shago, da rigunan sanyi huɗu, baƙaƙe da ruwan ƙasa, ba mai dabbare ko ɗaya. Biyu sun zo da suna da tambari, na cire da kaina. In ka buɗe dilar gwanjo ka tarar da irinsu, don Allah ka ba yaron shago reza kafin a rataye. Mai kwantena ya ce ta Lome za su bi, kada ka sa rai kafin azumi.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata maganin gwiwar yana cikin aljihun baƙar rigar, na ciki.