Wasiƙa daga Jamus: yadda ake aikin birkin Porsche a nan da yadda muke yi a gida

Yaya, barka da aiki. Ya Kaduna, ya yaran gareji? A gaida min su Hajiya.

Ka ce in ba ka labarin aikin birki a nan, tunda motocin nan masu ɗan karen gudu sun fara shigo maka. Garejin da nake aiki a gefen Stuttgart yake, garin Porsche da Marsandi, don haka Porsche 911 ba baƙuwarmu ba ce. Bari in ɗauki 911 ƙirar 997, wadda aka ƙera daga 2004 zuwa 2012, don irinta ce za ta fi saurin isowa gida a tokumbo.

Aikin kansa ba wuya. Kalifarta, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin dis (faifan birki), ba mai zamewa ba ce irin ta Corolla, a kafe take, a yawancinsu fistin biyu ta ciki, biyu ta waje, kuma ba sai an kwance ta ba. Ka zare ƙaramin kilif, ka buga fin ya fita, ka ɗauke sifirin da ke danne fad, ka cire wayar sansa mai nuna fad ya ƙare, ka tura fistin baya, ka zaro fad ta sama. Yaron da ya ɗan kwana biyu a hannunka zai gama tsakanin azahar da la'asar. Abin da ya ɗaure min kai shi ne tarkacen da ake zubarwa. Fin, kilif, sifirin, sansa, har 'yan farantan da ake mannawa a bayan fad don hana ƙara, duk sai kwandon shara. In an kwance kalifa don canza dis, notocin da suka riƙe ta ma sababbi ake sawa. Da na yi ƙorafi cewa a Panteka da wannan tarkacen sai a tayar da motar wani, maigidanmu bai ce komai ba, ya miƙo min tsohon fin. Tsatsa ta cinye shi, ya rame daidai inda sifirin ke gogarsa. Gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara ne ke wannan ɓarnar. Shi kuma sifirin, zafi ke kashe masa ƙarfi, in ya saki sai fad ya riƙa rawa yana cin gefe guda. Mu ba ma watsa gishiri, amma tokumbo da tsatsarta take zuwa, ƙurar hunturu da ruwan damina su ƙarasa sauran.

Kayan kuwa ba a ciniki da ido. Duk fad ɗin da ba na kamfanin motar ba, sai yana ɗauke da tambarin R90, shaidar cewa an gwada shi kuma riƙonsa ya yi kusa da na asali. Textar, Pagid, ATE, Brembo na Italiya, kowanne da lambarsa a kwali da kuma a jikin ƙarfen. Ba ruwanka da mai shago ya ajiye maka kwali uku ya ce wannan orijinal, wannan mai bi masa, wannan na maneji. Akwai dalili. A wasu sassan babbar hanyarsu babu iyakar gudu, kilomita 130 a awa shawara ce kawai, mota tana iya zuwa da 250 ta tarar da tirela a gabanta. Sannan duk shekara biyu sai an kai mota gwaji wurin irin su TÜV, a ɗora ta kan na'ura a auna riƙon kowace taya. In ta faɗi, ba sitika.

Abu uku nake so ka ɗauka, kuma ba masu tsada ba ne. Na farko man birki. A gida sai ya ragu muke ƙarawa, nan kuwa duk shekara biyu ake zubar da shi gaba ɗaya, don yana tsotsar danshi. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa wajen 155. Direba ya taka birki da ƙarfi sau biyu sau uku a hanyar Abuja, man ya tafasa, feda ta tafi ƙasa babu komai, a ce tsautsayi. Na biyu dis: a jikinsa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda, a auna da ma'auni, ba da farce ba. Irin mai hujoji a duba tsagewa, in tsaga ta haɗe huji da huji ya gama aiki, kada a kai shi sassaƙa. Na uku ɗaurin taya. Na 997 awo 130 Nm ne a sifana mai awon ɗauri, wadda ke ƙara in ɗauri ya kai, ba a hawa kan sifana da ƙafa.

Amma kada ka ɗauka komai nasu ya fi. Nan ba ka shigo da mota ka zauna a benci ana hira ana yi maka. Sai ka kira an ba ka rana, wani lokaci ka jira fiye da mako, ranar Lahadi kuwa ko'ina a rufe. Kuɗin hannu kaɗai a garejoji da yawa ya haura Yuro 100 a awa. Kuma duk da makanikensu yakan shekara uku da rabi yana koyo kafin ya sami takarda, canji ya fi iyawa a kan gyara. Kalifar da fistinta ya maƙale, da yawansu sabuwa za su yi oda, don lokacin da za a ɓata a kanta ya fi ta tsada. Kai kuwa na sha ganin ka fitar da fistin, ka goge, ka sa sabuwar roba, ta koma aiki. Hannun da tsofaffin ma'aikatan Fijo na Kakuri suka bar mana tun zamanin 504, wallahi ban ga wanda ya fi shi a nan ba.

Hattara da Porsche mai kalifa ruwan ɗorawa. Dis ɗinta na yumbun kabon ne, saitinsa ya isa kuɗin wata motar sukutum, kuma rim ya ɗan buge shi wurin cire taya sai ya ɓalgace. Fad ɗinta ma daban ne.

In an gama, kafin mota ta motsa a yi ta taka feda har ta yi tauri, kuma a gaya wa mai ita ya lallaɓa birkin na kamar kilomita 200 kafin ya nuna wa abokai bajinta a hanyar Zariya. Ka turo min lambar shasin ta wurinka, duka 17 ɗin, in haɗo fad da sansa da fin da sifirin a ba wani mai zuwa Sallah. Zan sako sifana mai awon a ciki. Ta ɗauri ce kawai, kada yaran nan su riƙa kwance noti da ita.